Yadda za ka bar taba ba tare da tumbi ya biyo baya ba, ga 'yan uwanmu na New York

Wannan na 'yan uwa ne da ke Bronx da Harlem, musamman masu tuƙa tasi da masu kai saƙon abinci, waɗanda suke cewa za su bar sigari tun bara har yau shiru. Ɗan uwa, garin da kake zaune ya riga ya yi maka rabin aikin, kai ne dai ba ka ɗauka ba.

Tun zamanin magajin gari Michael Bloomberg aka fara matsa wa taba lamba. A 2002 harajin da birnin ke karɓa a kan kwali ɗaya ya tashi daga santi 8 zuwa dala 1.50, a 2003 aka hana sha a gidajen abinci da mashaya da wuraren aiki, a 2011 aka haɗa da wuraren shaƙatawa da bakin teku, daga baya shekarun saye suka koma 21, kuma tun 2018 doka ta ce kada a sayar da kwali ƙasa da dala 13. Abin ya yi aiki kuwa, manya masu shan taba sun sauko daga kashi 21.5 a 2002 zuwa kashi 14 a 2010.

To ka fara da lissafi, don mu kuɗi ne ke shiga kunnenmu fiye da wa'azin likita. Ko a mafi arha ne, kwali ɗaya kullum dala 390 ne a wata, a shekara ya haura dala 4,700. Ka juya wannan zuwa naira ko sefa ko sidi ka gani, sai ka tuna sau nawa aka kira ka daga gida ka ce babu. Masu sayen kara ɗaya ɗaya a shagon kwana su ma kada su yaudari kansu, sayar da ita haka haramun ne a dokar garin kuma in ka tara ya fi tsada.

Sai ka sa rana, kada ta wuce sati biyu daga yau, in azumi ya kusa to ka haɗa da shi tunda dama kana wuni ba ka sha ba. Kafin ranar ka kira 311, lambar neman bayani ta birnin, ka ce kana son barin taba, za su haɗa ka da layin taimako na jiha, akwai shawara kyauta kuma yawancin masu kira ana aiko musu da filastar nikotin ta farawa ba ko sisi. In Turanci na ba ka wahala ka nemi tafinta. Wanda ba shi da inshora ya tambayi shirin kula da lafiya na NYC Care a asibitocin birni, ba sa tambayar takardun zama.

Filastar nan mutane da yawa ba su iya amfani da ita ba shi ya sa suke cewa ba ta aiki. In kana shan fiye da kara 10 a rana ana farawa ne da mai miligiram 21 na sati shida, sai 14 na sati biyu, sai 7 na sati biyu. Da safe za ka manna a fata busasshiya inda ba gashi, damtse ko kafaɗa, gobe ka canza wuri don kada fatar ta yi ƙaiƙayi. Kada ka cire bayan kwana huɗu wai ka ji garau, nan ne ake faɗuwa. In sha'awar ta taso duk da filastar akwai cingam na nikotin, shi ma ba taunar cingam ɗin yara ake masa ba, ka ɗan tauna har ka ji yaji yaji sai ka ajiye a kumatu. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita tukuna.

Sha'awar ba ta daɗewa, 'yan mintuna ne ta wuce, abin da ake so hannu da baki su samu aiki. Asuwaki yana taimakawa sosai, ka ajiye ɗaya a mota. Goro da kofi kuwa ka rage, don in mutum ya bar taba jikinsa ba ya ƙone sinadarin da ke cikinsu da sauri kamar da, sai ka ji bugun zuciya da rashin barci ka ɗauka rashin sigari ne. Shisha kuma taba ce, ba wani sauƙi, kada samarin nan su ruɗe ka da ƙamshin tuffa.

Yanzu maganar ƙiba, wadda ni a ganina ita ce inda aka fi barinmu a baya. Wanda ya bar taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, baki ya buɗe, abinci ya dawo da daɗi, ga zaman mota awa goma sha biyu. Kuma a nan birnin bai ci nasara kamar yadda ya ci a kan taba ba. A 2012 Bloomberg ya so hana sayar da lemon zaƙi a kofin da ya wuce kusan rabin lita, kamfanoni suka kai ƙara, babbar kotun jiha ta soke dokar a 2014. Kenan wannan yaƙin naka ne kai kaɗai, ba ɗan sandan da zai tare ka. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da suga giram 39, kusan ƙaramin cokali goma, ka yi tunanin wani ya zuba maka cokali goma a shayi yana kallonka. Ka koma ruwa kawai, ruwan famfon New York mai kyau ne, gora ɗaya ka cika ka fita. Maltina da zoɓon da aka cika wa suga a wajen suna da biki duk layi ɗaya suke.

Abin da birnin ya yi nasara a kai ka yi amfani da shi. Tun 2008 manyan gidajen abinci masu rassa da yawa dole su rubuta kalori kusa da farashi, babba yana buƙatar wajen 2,000 a rana, to in ka ga faranti ɗaya ya kai 1,200 ka san ka cinye fiye da rabin rabonka a zama ɗaya. In ka ga ɗan baƙin hoton kwalbar gishiri a gefen suna, gishirin da ke ciki ya kai na yini guda, mai hawan jini ya wuce abinsa. Gidajen abincinmu na Afirka ba su cikin wannan doka, kuma Allah ya sani ba sa rowa, wake da shinkafa ko tuwo ko banku malmala kamar ta mutum uku. Ka ce a raba maka biyu tun a kanta, rabi na dare, miyar ganye ta fi yawa, man da ke yawo a sama ka tsiyaye.

Kayan lambu kuma akwai kekunan Green Carts a unguwannin da ba su da manyan kantuna, masu katin tallafin abinci kuma in sun je kasuwar manoma ana ƙara musu takardar Health Bucks ta dala 2. Motsa jiki minti 150 ake so a sati, wato minti 30 sau biyar, ba sai ka biya kuɗin jim ba, shirin motsa jiki na birnin, Shape Up NYC, kyauta ne, ko ka sauka jirgi tasha ɗaya kafin taka ka ƙarasa da ƙafa, ko ka taka zuwa masallaci maimakon tada mota.

In ka zame ka sha kara ɗaya kada ka ce shi kenan ka sayi kwali, ka bar filastar a jikinka ka sake kiran layin nan washegari.