Kurakuran da aka fi yi bayan tiyatar rage ƙiba

Yayata ta je ƙasar waje aka rage mata tumbi, ni kuma na yi jinyarta bayan ta dawo Sakkwato. A nan na gane cewa yawancin kurakurai a gida ake yin su, ba a ɗakin tiyata ba.

Babban kuskure shi ne a ɗauka wuƙa ta gama aiki. A tiyatar da aka fi yi, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya koma siriri kamar ayaba. Tuwo loma uku sai mutum ya ƙoshi, amma abu mai ruwa wucewa yake yi salin alin. Fura mai sukari, lemun kwalba, shayi mai kaurin madara, su ne ke dawo da ƙiba a ɓoye. A fara cin ƙwai, kifi, wake ko kindirmo marar sukari, tuwo ya biyo baya in da sauran wuri. Makonnin farko kuwa ruwa-ruwa kawai ake sha, sannan abin da aka dama, kamar yadda likita ya tsara.

Sai ruwan sha, wanda ya fi ba mu wahala. A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, ga shi ba halin kwankwaɗar moɗa guda. Ran nan na tarar da Yayata leɓe ya bushe, jiri na ɗibarta, fitsari ya yi ja. Daga nan gorar ruwa ba ta sake barin gefenta ba, tana kurɓa kaɗan-kaɗan har ta kai lita ɗaya da rabi a yini. Kada a haɗa ruwa da abinci, a bar minti 30 tsakani.

Mu ’yan uwa ma da laifinmu. "Haba Yaya, ɗan ƙara mana, ko ba ki ji daɗin girkin ba?" Wannan kara ta sa ta amai ba sau ɗaya ba.

Kada a shiga kemis a sayi ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki, suna iya jawo gyambon ciki. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya koma a sake duba masa magani, don adadin da ya saba sha na iya yi masa yawa yanzu. Bitamin B12, maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuwa ba a daina su don an ji sauƙi.

Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin shekarar farko ma sai an tambayi likita.

Wanda aka yi wa aiki a waje ya taho da takardunsa, ya buɗe fayil a wani asibiti a nan ƙasar, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don gwajin jini lokaci-lokaci. In zuciya na bugawa da sauri, ga zazzaɓi, ga ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.