Yadda na sa wa Bitil ɗin mahaifina sabon ƙarfen sitabilaiza

Motar da na gada Volkswagen Bitil ce, wadda wasu ke kira kunkuru, irin da aka fara haɗawa a Legas a 1975. Injinta lafiya lau. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda take kwantawa gefe ɗaya in na shiga kwana, har sai na ji gabana ya faɗi. Maganin da na samu shi ne ƙarfen da makanikai ke kira sitabilaiza, mai kauri fiye da na kamfani.

Sanda ce ta baƙin ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu, tana haɗa ƙafar gaba ta hagu da ta dama. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta. In mota ta karkata a kwana, taya ɗaya ta nutse ɗaya ta saki, sai sandar ta murɗe ta ƙi yarda, jikin motar ya tsaya. Ƙarfinta kuwa daga kauri yake, kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba. In ka ninka kaurin sau biyu, taurin ya ninku sau 16. Na kamfani a Bitil siriri ne, wajen milimita 12. Wanda aka fi sayarwa don maye gurbinsa milimita 19 ne, wato taurinsa ya ninka na asali fiye da sau shida. Don haka kada wani a Kofar Ruwa ko Panteka ya miƙo maka ƙaton ƙarfen wata motar ya ce za a lanƙwasa da wuta ya shiga. Ƙarfen da ya sha wutar walda ya rasa ƙarfinsa, wata rana karyewa zai yi.

Kafin ka kashe ko kwabo, shiga ƙarƙashin motar. Ƙafar gaban Bitil iri-iri ce. Ta da tana da kimfin, wato sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kanta, daga 1966 a Jamus aka koma boljoyin, wato mahaɗi mai kan ƙwallo, kuma sandar wannan ba ta shiga waccan. Akwai kuma Bitil samfurin 1302 da 1303, waɗanda gininsu daban ne gaba ɗaya, sandarsu tana cikin abin da ke riƙe ƙafar, wannan bayani bai shafe su ba. In an saukar da motarka ƙasa, akwai sanda ta musamman mai wata lanƙwasar. Ɗauki hoton ƙafar da wayarka, da shi za ka yi ciniki.

Sai abin da mutane ba sa son ji. Sabuwar sanda ba ta gyara mataccen shokozoba, ko boljoyin mai wasa, ko tayarod, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, da ya ci. Ɗaga motar ka riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas, can kuɗinka ya kamata ya fara zuwa. Iskar taya ma haka. Injin Bitil a baya yake, gabanta ba nauyi, shi ya sa take son kusan 18 a gaba, 27 a baya, a ma'aunin psi. Wani mai faci ya taɓa cika mini duka huɗun da 35, motar ta riƙa rawa a titi kamar tana kan tsakuwa. Tsaya a kansa in yana sa iska.

Aikin kansa bai wuce awa biyu ba in kana da mataimaki. Tun da dare ka fesa man sassauta tsatsa a kan maɗauran guda huɗu, biyu a kowane gefe, a jikin hannun ƙafar na ƙasa. Da safe ka ajiye motar a daidaitaccen wuri, ka sa dutse a tayoyin baya, ka ɗaga gaba ka ɗora a kan matokari na ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya. Cire tayoyin gaba, ka sake ɗaukar hoto don ka tuna inda cikin sandar ya fuskanta.

Maɗaurin kamfani yana da wani ɗan ƙarfe da ake zurawa ya kulle shi, da ɗan kunne a lanƙwashe. Miƙe kunnen, ka buga ƙarfen da guduma ya zame, maɗaurin ya buɗe. Da na cire nawa, robar ta farfashe a tafin hannuna kamar busasshiyar kuka, a ƙarƙashinta kuma jar ƙasa ce ta shekaru ta daskare. Goge wurin da buroshin waya har ƙarfe ya fito, ka duba ko akwai tsaga.

Bushin ɗin sabuwar sanda, wato robar da ke cikin maɗauri, biyu-biyu ne, babba da ƙarami, saboda hannun ƙafar ba kauri ɗaya ne da shi ba. Gwada su a jikin hannun tukuna. In na roba ne, ruwan sabulu ya isa ya sa su sulɓi. Baƙin mai yana cin roba, kada ka kusantar da shi. In masu tauri ne irin jajayen nan, ka shafa giris ɗin da ya zo da su, in ba haka ba za su yi ta ƙara a kowane gargada. Mataimakinka ya riƙe baki ɗaya, kai ka ɗaura ɗayan, ka matse da babbar filaya har noti ya kama. Kada ka ɗaure tamau yanzu. Auna da tef ka ga hagu da dama sun yi daidai, kuma kan notin ya kalli inda ba zai taɓa taya ko tiyon birki ba. Mayar da tayoyi, sauke motar, danna gabanta sau uku ko huɗu ta zauna, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallo.

Game da baya, ra'ayina a fili yake: ka bar shi. Yawancin tsofaffin Bitil suna da aksil mai lilo, wanda robar rufe joyin ɗaya ce kawai a jikinsa kusa da giyabos. Irin wannan ƙafar, in kwana ta yi tsanani, taya kan lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota, gindin ya zame. Taurin gaba yana kwantar da wannan hali. Taurin baya yana iya tsananta shi. Abin da ya dace da ita shi ne ƙarfen nan mai kama da sifirin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin giyabos don hana taya naɗewa. Sandar baya sai ga mai joyin biyu a kowane aksil, shi ma bayan an gama da gaba.

Gwajin farko ka yi shi a fili da sassafe, a hankali, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Za ka ji sitiyari ya ƙara amsawa, jikin motar ya daina rusunawa. Za ka kuma ji ramin da taya ɗaya ta faɗa fiye da da, domin yanzu sandar tana isar da bugun ga ɗayan gefen. Wanda kullum hanyarsa ta ƙauye ce, gara ya sa sabon bushin a sandar kamfani ya tsaya nan. Ni da nake yawo a kwalta na karɓi cinikin. Bayan kilomita 100 ka koma ƙarƙashinta da sifana. A motata, maɗaurai biyu daga cikin huɗu sun ƙara karɓar rabin juyi.