Lotsawar firam ɗin keke: kurakuran da aka fi yi

Ba kowace lotsawa ce ke kashe firam ɗin ƙarfe ba. Abin dubawa shi ne inda ta faɗa da kuma siffarta.

Da yawa suna tsorata da lotsawar tsakiyar bututun sama, wanda ake ɗora yaro a kai. Yawanci kan keken ne ya juyo ya doke shi wajen faɗuwa. In ramin mai santsi ne, kamar an danna babban yatsa, ba kaifi ba tsaga, keken zai yi shekaru yana aiki. Masana'antu ma da kansu suna lotsa ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar baya don ta samu wurin juyawa.

Kuskuren da ke karya mutum shi ne rashin leƙa ƙarƙashi. Keken da ya yi karo ta gaba a nan yake ɓoye rauninsa. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da wuyan keke. In an ji ɗan kumburi ko ƙarfen ya tattare, fenti kuma ya tsattsage a wurin, to firam ya lanƙwashe. Sau da yawa fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, shi ma ya koma baya, tayar gaba ta matso kusa da bututun ƙasa. Daga irin wannan tattarewa tsaga ke farawa, kuma keken da ke ɗaukar jarkokin ruwa ko buhun masara kullum ƙara buɗe ta yake yi. Lotsawa a jikin fok kuwa ba a lallaɓa ta, sauya shi ake yi.

Ido kaɗai ba ya nuna karkacewa. A ɗaura zare a inda gindin tayar baya ke zama, a zagayo da shi ta wuyan keke zuwa ɗaya gefen, sannan a auna tazararsa da bututun sirdi dama da hagu. Bambancin da ya wuce milimita 2 ko 3 yana bukatar mai gyara.

Wajen gyaran ma ana ɓarna. Tsofaffin Raleigh da Phoenix na dako ƙarfensu mai kauri ne, amma bututun keken tsere irin Reynolds 531 tsakiyarsa na iya zama milimita 0.5 zuwa 0.7 kacal. Waldar lantarki huda shi take yi nan take. Gyaransa shi ne a matse bututun tsakanin katako biyu da aka fafe daidai kaurinsa, a shafa giris, a riƙa jujjuyawa har ramin ya ragu, sauran a cike da tagulla da waldar gas. Cike rami da fila, wato ƙullin da masu gyaran jikin mota ke shafawa, kafin a kankare fenti a duba tsaga kwalliya ce kawai, tsatsa na ci ta ciki.

Duk wannan hukuncin ƙarfe ne. Firam ɗin alminiyam ba ya jure lanƙwasa a mayar, kuma tsagarsa ta fi saurin tafiya.