Yadda ake gyara kuskure a takardun rajistar mota a Legas

Yawancin masu mota ba sa karanta takardunsu sai ranar da jami'i ya tsayar da su a hanya, ko ranar da suka tashi sayarwa mai saye ya zo da makanikensa. A ranar ce ake gano an rubuta 8 a gurbin B a lambar shasi, ko an ce motar baƙa ce alhali ruwan toka ce, ko suna ya fito Mohammed a lasisi kuma Muhammad a katin ɗan ƙasa. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare tsakanin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, domin mai shigar da bayanai yakan rubuta suna ne yadda ya saba gani.

Kafin mutum ya nufi kowane ofis, ya kamata ya fara gano inda kuskuren ya samo asali, domin a can ne kaɗai gyara zai zauna. Sai ya baje takardunsa duka, tun daga ta kwastam da rasitin saye, har zuwa shaidar mallaka da lasisi da inshora da takardar lafiyar mota, ya gwada su da juna, sannan ya gwada su da jikin motar.

Lambar shasi ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta, saboda haka duk wanda ya ga O a takardarsa ya san sifili aka yi nufi. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. A goge ƙura da tsumma, a haska fitilar waya, a ɗauki hoto, a karanta ɗaya bayan ɗaya ba da garaje ba. A motocin tokumbo, wato na hannu, da suka fito daga Amurka, alama ta goma a cikin lambar ita ke nuna shekarar ƙirar mota, wadda takan raba gardama idan shekara ce aka rubuta ba daidai ba.

Idan takardar kwastam ta dace da jikin mota, to kuskuren ya shigo ne wajen rajista, kuma gyaransa yana hannun hukumar kula da rajistar motoci ta jihar Legas, wato MVAA. Mai mota zai rubuta wasiƙar neman gyara, ya bayyana abin da aka rubuta da abin da ya kamata a rubuta, ya haɗa da katin shaidarsa da ainihin takardun da kwafinsu, ya kai ofishin lasisin da aka yi rajistar. Ya je da motar, domin ana iya buƙatar jami'i ya ga lambar da idonsa. Ya kuma nemi tabbacin cewa gyaran ya shiga rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, domin sabuwar takarda ba ta da amfani muddin kwamfuta na riƙe da tsohon kuskure.

Amma idan tun daga takardar kwastam aka kuskure, ofishin jiha ba shi da hurumin taɓa ta. Dole a koma wa ejan ɗin da ya fito da motar daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can. Idan kuwa lambar jikin motar ce ke da alamun kankara ko walda, wannan ya wuce batun gyaran rubutu, magana ce ta 'yan sanda.

Kuskuren suna yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, mai tabbatar da cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Wanda har yanzu sunan tsohon mai mota ke kan takardunsa, canjin mallaka yake buƙata, ba gyara ba. Haka wanda ya ɗora sabon inji daga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ko ya sauya fenti, ya adana rasiti ya kai rahoto a sabunta bayanan.

Kada a kuskura a gyara takarda da biro, domin nan take za ta zama abar zargi. 'Yan kamashon da ke tare mutane a bakin ƙofa kuma, a ganina, su ne babban haɗarin wannan harka, tunda wasunsu takarda kawai suke bugawa ba tare da komai ya sauya a rumbu ba. A biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tanada, a karɓi rasitin gwamnati.

Bayan an karɓi takardar da aka gyara, a karanta ta kafin a bar gaban ma'aikacin, sannan a kai kwafinta ga kamfanin inshora, a kuma sabunta rajistar motar ta wajen 'yan sanda, domin kamfani na iya jan ƙafa wajen biyan diyya idan lambar da ke hannunsa ta saɓa da ta motar da ta yi haɗari.