Kurakuran da aka fi yi wajen binciken ko magidanta za su sayi motar lantarki

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ake ta yawo da takardun tambayoyi, ɗalibai da ƙungiyoyi kowa so yake ya gano ko mutane za su koma mota ko mashin mai caji. Amma yawancin tambayoyin tun daga tushe a karkace suke.

Babban kuskuren shi ne "shin za ka so sayen motar lantarki?" To wa zai ce a'a? Mutum da kara, kana tsaye a ƙofar gidansa da waya a hannu, cewa zai yi in sha Allahu, kai kuma ka danna "eh" ka wuce. Gyaran shi ne a ajiye masa zaɓi biyu a kan kati guda: ɗaya Corolla 'yar Kwatano da farashinta da kuɗin man wata, ɗayan mai caji da nata farashin, kilomita nawa take yi kafin batir ya ƙare, awa nawa take ɗauka a caji, nawa ne canjin batir. Sai a dinga sauya farashin daga kati zuwa kati, a nan ne za ka ga inda mutum yake cijewa, kuma don Allah a bar masa damar cewa ba ko ɗaya, don da yawa ko tsohuwar motar ma ba ta cikin lissafinsu bana.

Sai maganar wuta. "Kuna da NEPA?" ba tambaya ba ce, waya ce kawai a jikin gida. Tambayi awa nawa aka samu jiya, don ko 'yan Band A, rukunin da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, ba kullum suke gani ba. Akwai sola ko janareta? A ina motar take kwana? Ɗan haya da ke ajiye mota a bakin layi wurin maigadi, ina zai jona ta?

Tura Google Form (takardar tambayoyi ta intanet) a guruf ɗin WhatsApp ma kuskure ne, abokanka masu data kawai ka ji. A zaɓi unguwanni, a bi gida-gida da tsari, kuma a je da yamma ko ranar hutu, da rana maigida yana kasuwa sai ka ƙare da samarin zaure waɗanda ba su ne masu fitar da kuɗin ba. A haɗa da mata cikin masu tambaya saboda gidajen ba shiga.

Albashi kuwa ba mai faɗa maka gaskiya, tambayi man nawa ya sha a makon jiya. 'Yan adaidaita sahu a ware musu takardarsu daban, su lissafin balas suke yi ba na kai yara makaranta ba.