Yadda Ake Gyara Jijiyar Ƙwanji Idan Ta Tsinke a Gwiwar Hannu

Tsokar ƙwanji tana da jijiya mai kauri wadda ta sauka ta gaban gwiwar hannu ta manne da ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa. Tana taimakawa wajen lanƙwasa hannu, amma babban aikinta shi ne juya tafin hannu ya kalli sama, kamar yadda ake yi wajen murɗa sukudireba. Galibi tana tsinkewa ne ga maza masu shekara 30 zuwa 60, lokacin da mutum ya tari kaya mai nauyi, nauyin ya rinjaye shi ya miƙar da hannun da ƙarfi. Zai ji wani abu ya tsinke, sai zafi da kumburi da taruwar jini, tsokar kuma ta tattare ta yi sama.

Matakin farko shi ne a hanzarta ganin likitan ƙashi, kuma a nan ne mutane da dama ke yin asara. Zafin yakan lafa bayan 'yan kwanaki, hannun yana ci gaba da lanƙwasuwa saboda akwai wata tsoka a ƙarƙashi, sai a ɗauka targaɗe ne a nufi wurin maɗori, alhali babu ja ko matsar da za ta mayar da jijiya kan ƙashi. Likita zai sa yatsa a gaban gwiwar ya nemi ƙwaƙulo jijiyar. Idan bai same ta ba, alama ce mai ƙarfi cewa ta tsinke gaba ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka ana tabbatarwa da hoton MRI ko na sikanin.

An fi son a yi tiyatar cikin mako 2 zuwa 3, domin bayan haka tsokar tana ƙanƙancewa, jijiyar ta maƙale a sama, har ya zama sai an yi mata ƙari da wata jijiyar. Dattijon da ba ya aikin ƙarfi zai iya haƙura, amma kafinta ko makaniki ya sani cewa barin ta haka kan rage kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin juya hannu, da kusan kashi 30 na ƙarfin lanƙwasawa.

A ɗakin tiyata, bayan an sa majiyyaci barci ko an kashe hannun da allura, likita yana yanka gaban gwiwar, ya lalubo bakin jijiyar, ya gyara shi, ya ɗinke da zare mai ƙarfi, sannan ya huda ƙashin ya ɗaure ta da ƙaramin maɓallin ƙarfe ko ƙusa ta musamman. Wasu likitocin suna bin hanyar yanka biyu, gaba da baya, wadda likitocin ƙashi biyu, Boyd da Anderson, suka bayyana a 1961. Matsalar da aka fi gani ita ce mutuwar ji a gefen hannu, wadda yawanci takan wuce da kanta. Wani lokaci kuma ƙashi kan tsiro inda bai kamata ba ya takura juyawa.

Bayan tiyata ana tallafe hannun da filasta na mako 1 zuwa 2, sannan a fara motsa shi sannu a hankali bisa jagorancin masu gashin ƙashi. Mai shan taba ya daina, domin tana hana jijiya kama ƙashi da wuri. Kada a ɗaga komai mai nauyi sai likita ya amince, aikin ƙarfi kuwa yakan jira wata 3 zuwa 6.