Yadda ake auna yiwuwar abu kafin a yanke shawara

Wanda ya ce maka tafiya daga gida zuwa wurin aiki minti 30 ce bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka abin da kake bukata ba. Yau minti 24 ka yi, jiya 41, shekaranjiya 29. Idan ka riƙa fita saura minti 30 cif, kusan rabin ranakunka a makare za ka isa. Matsalar matsakaici ke nan: yana nuna maka tsakiya, ya ɓoye maka gefe, alhali a gefen ne abin da ke ɓata maka rana yake zaune. Lissafin yiwuwa, wanda masana lissafi Pascal da Fermat suka aza harsashinsa a wasiƙun da suka yi musaya a 1654 a Faransa, aikinsa shi ne fito da wannan gefen. Ga yadda ake amfani da shi ba tare da an koma aji ba.

Mataki na 1: Mai da tambayarka ta zama abin ƙirgawa

"Zan makara kuwa?" ba ta lissaftuwa. "A cikin ranakun aiki 100, sau nawa tafiyar za ta wuce minti 40?" ita ce tambaya. Abin da kake aunawa a nan, wato tsawon tafiyar, adadi ne da ba ka san shi ba sai ya faru, kuma kullum yana canzawa. Masana lissafi a kan irin wannan adadin suke aiki. Rubuta naka a sarari, da ma'auninsa: minti ne, ko yawan kira ne a awa, ko kuwa e da a'a ne kawai.

Mataki na 2: Ƙirga, kada ka dogara da tunawa

Ƙwaƙwalwa mai son zuciya ce. Ranar da cunkoso ya riƙe ka awa guda ba za ta taɓa fita daga ranka ba, ranaku goma sha biyar da ka wuce sumul kuwa sun ɓace. Don haka ka samu takarda ko waya ka riƙa rubutawa, aƙalla sau 20 zuwa 30.

Ƙirga kaɗan yana yaudara. Jacob Bernoulli ya tabbatar da dalilin a littafinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa: yadda gwaji ke ƙaruwa, haka kason da kake gani yake matsawa kusa da na gaskiya. Wani masanin lissafi, John Kerrich, da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cika lokacinsa da jefa kwandala sau 10,000. Fuska ɗaya ta fito sau 5,067, wato kusan rabi. Amma da sau goma kawai ya jefa, bakwai da uku ba abin mamaki ba ne.

Mataki na 3: Gane siffar bazuwar lambobinka

Nan ne ainihin aikin. Sakamako ba ya watsuwa barkatai, yana da siffa, kuma siffofi uku sun ishi yawancin matsalolin yau da kullum.

Ta farko ita ce ta "e ko a'a" da ake maimaitawa, wadda ake kira binomiyal. Ɗalibi ya shiga jarrabawa mai tambaya 10, kowace da zaɓi huɗu, bai yi karatu ba, sai canki-canka. A matsakaici zai ci biyu da rabi. Yiwuwar ya ci biyar ko fiye kusan kashi 8 cikin ɗari ce kawai. Ya koma ya buɗe littafi ya fi masa.

Ta biyu ta fi burge ni, domin ita ce mutane suka fi bukata kuma suka fi rashin sani. Sunanta Poisson, sunan Bafaranshen da ya bayyana ta a 1837, kuma ta shafi abubuwan da kan faru jefi-jefi cikin wani lokaci: kiran waya a awa, lalacewar inji a wata, marasa lafiya da ke zuwa cikin dare. A 1898 Ladislaus Bortkiewicz ya gwada ta da wani abu mai ban mamaki, wato sojojin Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, da harbin doki ya kashe daga 1875 zuwa 1894, lambobin kuma suka zauna daram. Agner Erlang ya yi amfani da ita a 1909 wajen nazarin kiran tarho a Kwafanhagan.

A ce kana kula da injuna, kuma wani ƙarfe yakan lalace sau biyu a wata a matsakaici. Guda nawa za ka ajiye? Hankali zai ce biyu. Lissafin Poisson kuwa ga abin da ya ce: a cikin watanni 100, kusan 14 babu wanda zai lalace, 27 guda ɗaya, 27 guda biyu, 18 guda uku, 9 guda huɗu, 5 kuma biyar ko fiye. Haɗa na uku zuwa sama ka gani: 32. Ma'ana idan biyu ka ajiye, wata ɗaya cikin kowane uku za ka tsaya hannu rabbana. Idan ka ajiye huɗu, sau ɗaya cikin watanni ashirin ne kawai za ka rasa. Matsakaicin bai canza ba, amma shawarar ta canza gaba ɗaya.

Ta uku ita ce mai siffar ƙararrawa, wadda ake dangantawa da Gauss: yawancin sakamako a tsakiya, kaɗan a kowane gefe. Tsayin mutane da kuskuren awo haka suke. Tana bukatar lamba biyu, matsakaici da kuma tazarar bazuwa, wato yadda lambobi suka saba nisanta daga tsakiya. Ƙa'idar a haddace take: kusan kashi 68 na faɗawa cikin tazara ɗaya daga matsakaici, kusan kashi 95 cikin tazara biyu. Idan tafiyarka minti 30 ce, tazararta 8, to ware minti 46 zai sa ka makara kusan sau biyu kacal cikin ɗari. Sai dai a yi hattara, lokacin tafiya ba ya bin ƙararrawa sau da ƙafa. Ba za ka taɓa isa cikin minti biyar ba, amma hatsari a hanya zai iya riƙe ka awa biyu. Wutsiyar dama, wato gefen jinkiri, ta fi tsawo, don haka ka ƙara wani abu a kai.

Ba sai ka yi da hannu ba. Excel da Google Sheets suna da BINOM.DIST, POISSON.DIST da NORM.DIST, sannan AVERAGE da STDEV za su fitar maka da matsakaici da tazara daga lambobin da ka tara.

Mataki na 4: Idan tambayar "ko sau ɗaya" ce, bi ta bayan gida

Yiwuwar makara kashi 5 a rana kamar ba komai ba ce. To a ranakun aiki 20 fa? Lissafa yiwuwar rashin makara kwata-kwata: 0.95 sau kanta har sau 20, ya ba da kusan 0.36. Cire daga ɗaya, saura 0.64. Kashi 64 ke nan cewa za ka makara aƙalla sau ɗaya a watan. Da wannan dabarar ce ake nuna cewa mutum 23 a ɗaki sun isa yiwuwar samun biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta haura rabi.

Wannan ninkawar tana da sharaɗi: kada abubuwan su kasance suna shafar juna. Fitila biyu a layin wuta ɗaya tare suke mutuwa idan wuta ta yi ƙarfi, ba a ninka su. Akasin haka ma kuskure ne, wato ganin alaƙa inda babu. A 1913, a wani gidan caca na Monte Carlo, baƙi ya fito sau 26 a jere a faifan da ake juyawa, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja wai lokacinsa ya yi. Faifan bai san abin da ya fito a baya ba.

Mataki na 5: Tambayi yawan abin tun asali

A ce wata cuta tana kama mutum 1 cikin 100. Gwajinta yana gano 90 cikin masu ita 100, yana kuma yin kuskure a kan 5 cikin lafiyayyu 100. Gwajinka ya nuna kana da ita. Yawancin mutane za su ce kashi 90 ne. Kada ka yi da kaso, yi da mutane. Ɗauki 10,000: masu cutar 100 ne, gwaji zai kama 90. Lafiyayyu 9,900 ne, gwaji zai yi wa 495 ƙazafi. Waɗanda aka ce suna da ita 585 ke nan, 90 kaɗai ne na gaskiya, kusan kashi 15. Wannan shi ne tunanin Thomas Bayes, wanda aka buga a 1763 bayan mutuwarsa, kuma yana cikin dalilan da likita kan sa a sake gwaji kafin ya yanke hukunci.

Mataki na 6: Ɗora yiwuwar a kan girman asarar

Lambar kaɗai ba ta yanke shawara. Hasashen ruwan sama kashi 30 yana nufin a ranaku goma masu irin wannan yanayi, uku za a yi ruwa. Mai fita yawo zai iya share lema. Mai zuba kankare a rufin gini bai isa ba.

Haka tafiyarka. Ranar aiki ta yau da kullum, inda makarar minti biyar ba ta wuce a harare ka ba, minti 38 sun isa, ka yarda da makara kusan sau ɗaya cikin shida. Ranar da jirgi za ka hau, buɗe takardar da ka rubuta, nemo tafiya mafi tsawo da ka taɓa yi a cikinta, ka ƙara rabin awa a kai.